Hannun Dottie

"Harlan! Mutuwa ka yi a ciki ne? Kai kaɗai fa ake jira!"

Abokinsa Gus ne yake dukan ƙofar bayin da tafin hannu kamar gobara ta tashi. Harlan Veenstra ya miƙe a gurguje, ya ja wando, ya shiga kokawa da bel. Tun asuba cikinsa yake murɗawa, ba don ya ci wani abu ba, sai don taron nan da aka sa yau bayan sujada.

"Ina zuwa! Ko a bayi ma mutum ba zai huta da kai ba?"

"Hutu sai a kabari, tsoho. Yi sauri kafin matan nan su cinye mu ɗanye."

Ya wanke hannu, ya ja gefen kwat ɗinsa ya rufe ƙugun dama, abin da hannunsa yake yi da kansa ba sai ya duba ba, sannan ya buɗe ƙofa. Gus har ya kai tsakiyar matakala. Wadda ya tarar tsaye tana jiran layi ita ce Wilma Kroll, da tsohuwar jakarta baƙa a hammata. Tun da sanyi ya fasa bututun bayin sama, kowa a cocin nan, babba da yaro, mace da namiji, wannan na ƙasa yake saukowa. A ɗakin da ke kusa kuma yara ne cike, ana koya musu wasan Kirsimeti, wasu an ɗaura musu fukafukan kwali, wasu sun yafa tawul a matsayin makiyaya, sai ihu suke.

"Wilma."

"Harlan."

Gaisuwar ke nan. Matar da ta yi shekara arba'in tana shan gahawa a kicin ɗinsa tare da matarsa, yau abin da ya rage tsakaninsu kiran suna ne kawai.

Da ya hau sama, ya kai bakin ƙofar zauren, sai ya ɗan tsaya, gwiwar hannunsa ta dama ta ɗaga kaɗan. Jim kaɗan ya sauke ta ya shige. Shi bai ma san yana yi ba. Sa'ad da matarsa Dottie take raye, duk ƙofar da za su bi, ta gida ce ko ta kanti ko ta gidan abinci, sai ta zuro hannu ta ƙarƙashin nasa ta rungumo ƙugunsa, ta ɗan bubbuga, sannan su wuce. Mutanen gari har tsokanarsu suke, wai amarya da ango ba sa tsufa. Wani lokaci ma takan tsayar da shi ta ce, "Koma ka duba madubi, gashinka ya tashi," alhali gashin da ya rage masa bai kai a kira shi gashi ba. Wannan ne hunturu na biyu tun da aka binne ta, amma gwiwar hannun nan ba ta ji labari ba.

Zancen da ya tara mutane ba mai tsawo ba ne. Dokar jihar Michigan ta ce ko mutum yana da lasisin ɗaukar bindiga a ɓoye a jikinsa, ba zai shiga da ita coci ba sai shugabannin cocin sun yarda. Tsohon fasto ya yarda wa Harlan tun tuni, da baki kawai, a kan kofin gahawa. To tsohon ya yi ritaya, aka kawo Fasto Renner, yaro ɗan birni mai son komai a rubuce. Shi ya ce ba zai ɗauki wannan nauyi shi kaɗai ba, jama'a su zauna su yanke. Ko a ci gaba da barin masu lasisi su shigo da ita, ko a lika sanarwa a ƙofa a hana kowa.

Ga wasu, magana ce ta ra'ayi. Ga Harlan kuwa, ita ce abin da ya rage masa. Tun yana direban motar gas, yana bin gidajen daji shi kaɗai, ya yanki lasisi, yau fiye da shekara talatin. Wurin zamansa a coci kowa ya san shi: bencin ƙarshe, dab da ƙofa, inda yake ganin duk mai shigowa. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tafiya. Sauran kwanakin mako kuwa, kada ma ka tambaya. Gida ne a ƙarshen hanyar tsakuwa, faranti ɗaya, kofi ɗaya, talabijin tana ta surutu ba don ana kallo ba sai don a ji muryar mutum. 'Yarsa tana can Arizona, takan kira in ta tuna. Ranar Asabar da yamma yakan shimfiɗa tsohon tawul a teburin kicin, ya kwance libarbarsa, 'yar bindigar hannu, ya goge ta ya shafa mata mai, domin gobe Lahadi akwai inda ake bukatarsa. In aka lika takardar nan a ƙofa, ya zama tsoho ɗaya cikin tsofaffi, mai zuwa ya yi gyangyaɗi ya koma.

Zauren ya cika, yana ƙamshin gahawa da taliyar cuku da naman barewar da wani ya dafo. An ture kwanukan gefe, an jera kujeru. Harlan ya zauna kusa da Gus. Fasto Renner ya yi addu'a, ya roƙi a yi magana cikin ƙauna, aka ce amin, aka kuwa fara sa-in-sa.

Gus ne ya fara miƙewa, dama shi ba ya jiran a ba shi dama.

"Jama'a, mu daina yaudarar kanmu. Daga nan zuwa ofishin 'yan sanda, in dusar ƙanƙara ta rufe hanya, kafin su iso an gama yi mana jana'iza. Kuna ganin labarai. Mugun da zai shigo ya buɗe wuta, kuna tsammani zai tsaya ya karanta takardar ƙofa ya ce, af, ashe an hana, bari in koma gida?"

Aka yi dariya. Wata mai jariri a kafaɗa ta miƙe daga baya.

"Ni dai gidan Allah na kawo 'ya'yana, ba barikin soja ba. Ya za a ce ina rufe ido ina addu'a, na kusa da ni yana da harsashi a ƙugu?"

"Mijinki fa? Bindiga nawa ke rataye a gidanku?"

"Ta farauta daban, Gus. Ita a kulle take, kuma barewa ba ta zuwa makarantar Lahadi."

"Ba a fafe gora ranar tafiya, 'yata."

"Bakin rijiya kuma ba wurin wasan makaho ba ne!"

Aka kaure. Wannan ya jawo aya, wancan ya jawo wata ayar ya rufe ta. Fasto yana ta ɗaga hannu, ba mai kallonsa. Ana cikin haka Wilma ta shigo a makare, ta zauna a kujerar gefe. Harlan ya lura ta ɗora jakar a cinya ta riƙe da hannu biyu, fuskarta ta yi fari fat. Ya ce a ransa, ta hango faɗuwa ke nan. Sai kuma ya ji kunyar tunanin, domin ba wanda bai san abin da ya sa Wilma take wannan yaƙin ba. Ɗanta Denny yana ɗan shekara goma sha shida ya sami bindigar ubansa a cikin durowa, a ranar da duniya ta yi masa zafi, ya kashe kansa da ita. Aurenta ma bai daɗe ba bayan nan. Ita ce ta yi makonni tana bin gida-gida tana roƙon a lika takardar nan.

Da hayaniya ta lafa, Fasto ya juya gare ta.

"Wilma, ke kika kawo maganar. Ko za ki ce wani abu?"

Ba ta miƙe ba. Idonta yana kan Harlan.

"Shi ya fara, Fasto. Ina so in ji shi tukuna, har ƙarshe."

Harlan ya miƙe a hankali. Shi ba mai yawan magana ba ne, shi ya sa in ya buɗe baki ake yin tsit.

"Ni ba zan ce muku bindiga abin wasa ba ce," in ji shi. "Wanda duk ya ce haka, a karɓe tasa. Ban ɗauke ta don in zama jarumi ba. Kullum addu'ata in mutu ban nuna ta ga ɗan Adam ba, kuma har yau Allah ya amsa. Wanda yake ɗauke da ita shi ya kamata ya fi kowa haƙuri. In an zage ni, sai in wuce. In an sha gabana a hanya, sai in rage gudu. Giya kuwa tun ranar da na karɓi lasisi na yi sallama da ita, Gus shaida ne, don shi yake shanye rabona."

Dariya ta sake tashi, har mai jaririn ta murmusa.

"Abin da Wilma take tsoro gaskiya ne. Bindigar da aka ajiye aka juya baya, ita ke kashe yara. Shi ya sa tawa wuri biyu kawai ta sani, ko a jikina ko a cikin akwatin ƙarfe mai makulli. Dottie, Allah ya ji ƙanta, da farko ba ta so. Ta ce min, Harlan, na yarda, amma ranar da ka fita ka bar ta a wani wuri, ranar ka gama. Na yi mata alkawari, kuma ta tafi ban saɓa ba. Shekara da shekaru ina zaune a bayanku. Wa ya taɓa ganinta? Wa ta taɓa tsoratarwa? Ko yanzu da nake maganar nan, tana nan tare da ni."

Ya kai tafin hannunsa kan ƙugun dama ya dafa.

Kuben fata na bindigar ya lotsa a ƙarƙashin hannunsa.

Ya sake dannawa. Kuben yana nan daram a jikin bel, shi ya sa tun ɗazu yake jin tokarinsa kamar kullum, amma ba komai a ciki. Nan take ya ga abin a idonsa ƙarara: ya shiga bayi, ya zare bindigar don kada nauyinta ya ja wando ƙasa, ya ɗora ta a kan murfin tankin ruwa, sai Gus ya hau dukan ƙofa. Cike take da harsashi. Kuma bango ɗaya ne tsakaninta da yaran nan.

Jama'a sun ɗauka tunanin Dottie ne ya tsayar da shi, wasu har sun fara tafi. Gus yana cewa, "Faɗa musu, tsoho!" Harlan bai ji ba. Ya ce, "Ku yi haƙuri," ya ture kujera ya fita.

Yadda ya sauka matakalar nan da gwiwoyinsa masu ciwo, shi kansa bai sani ba. Ƙofar bayin a buɗe take. A kan murfin tankin ba komai sai naɗin takarda. Ya leƙa bayan tankin, ya durƙusa ya duba ƙasa, ya zazzage kwandon shara da hannunsa. Wayam.

"Ya Allah," ya ce. "Ya Allah, kada ka yi min haka. Ni ka ɗauka."

Ya faɗa ɗakin yaran. Suna tsaye a layi suna waƙa, kowa da tasa muryar. Bai ga fuskar kowa ba, hannuwa kawai yake bi da ido. Wannan yana riƙe da sanda, wannan da tauraron kwali, wannan yana tonon hanci. Can ƙarshen layi ga wata 'yar ƙarama mai fukafukai, haƙoranta na gaba sun zube, ta ɓoye hannu biyu a baya tana kallonsa da idon marar gaskiya. Ya tako a hankali ya tsuguna a gabanta.

"'Yar kirki, me kike ɓoyewa? Kada ki motsa da sauri. Nuna min a hankali."

Ta turo baki, ta fito da hannun. Biskit ne guda biyu, ta ci rabin ɗaya.

"Mista Veenstra, lafiya?" in ji malamar, ta dakatar da waƙar.

Ya buɗe baki zai ce a fitar da yaran duka, a kira 'yan sanda, kome zai faru da shi ya faru. Sai ya ji murya daga bakin ƙofa.

"Harlan. Zo kicin. Yanzu."

Wilma ce, ta riƙe jakar nesa da jikinta kamar mai ɗauke da garwashi. Ya bi ta. Ta tura ƙofar kicin da ƙafa, ta ɗora jakar a kan teburin yanka albasa, ta ja da baya har ta jingina da firji.

"Cire min abar nan daga jakata. Ban san inda ake taɓawa ta tashi ba."

Ya zuge jakar. Ga ta nan tsakanin tabarau da kwalbar magani, an naɗe ta da takardar goge hannu. Ya ɗauko, ya juya bakinta ga bango, ya ɓalle ta ya zazzage harsasan a tafinsa. Biyar, duk suna nan. Sai a lokacin ya zube a kan wata kujerar roba.

"Wata yarinya ce a bayana a layi," in ji Wilma. "Jikar Gus, mai wawulo. Tana ta rawar fitsari, har na ce ta riga ni shiga, sai kuma na ce a'a, tsohuwa ma tana da uzuri. Ka ji abin da ya raba."

Harlan ya rufe ido. Mai biskit ɗin ce.

"Rabona da taɓa irin wannan abar tun ranar da na zare ta daga hannun Denny. Na rantse ba zan ƙara ba. Yau ga ni zaune a gidan Allah da bindiga a ɓoye, ba lasisi ba komai, ni Wilma. Kai ka ja min."

"Me ya sa ba ki kira ni ba tun a matakala?"

"Don na so in kashe ka da ita, shi ya sa." Ta share hanci da bayan hannu. "Ba da harsashi ba. Na ce bari ya miƙe ya gama cika baki, ya ce bai taɓa ba, bai taɓa ba, sannan in tashi in ajiye ta a gaban Fasto kusa da kwanon taliya. Da ko mutum ɗaya ba zai ɗaga muku hannu ba. Allah ya ba ni a tafin hannu, Harlan. Makonni ina yawo a cikin sanyi ina ƙwanƙwasa ƙofofi, ga shi ka kawo min har inda nake."

"To me ya hana ki?"

"Fuskarka, da ka dafa ka ji wayam. Na san fuskar nan. Ita na gani a jikin uban Denny. Kuma ka kira sunan Dottie."

Daga sama ana jin jan kujeru da muryar Gus. Harlan ya dubi harsasan da ke hannunsa.

"Ban taɓa yi ba, Wilma. Allah ya sani. Fiye da shekara talatin, ban taɓa fita na bar ta ba."

"Haba, Harlan." Ba da faɗa ta faɗa ba, da gajiya ne. "Sau nawa Dottie ta ce ka koma ka duba madubi?"

Ya ɗago kai.

"Gashinka ya tashi! Wane gashi? Kai da kanka yake ƙyalli kamar tangaran? A gidan abincin bakin tafki, ranar bikin 'yar ƙanwarta, ka koma ka duba madubi, me ka gani a kan tanki? A shekararta ta ƙarshe kuma, a kantin kayan gini, tana jan tukunyar iskar numfashi, ta sake tura ka."

Ya tuna. Ya tuna sarai. Yakan koma yana gunaguni, ya tura ƙofa, ya gan ta a ajiye, gabansa ya yanke ya faɗi, ya sunkuce ta ya mayar. Sai ya ce wa kansa ai wannan ba ya cikin lissafi, tunda bai bar ginin ba, kuma shi da kansa ya gani. Yakan fito yana shafa kai, ya same ta tana karanta tallan da ke bango kamar ba ta san komai ba. Bai taɓa gaya mata ba, don kada ta damu.

"Ta sani?"

"Kai kana tsammani rungumar nan ta bakin ƙofa duk soyayya ce? To soyayyar ce, ban ce ba ita ba ce. Amma lalubawa take yi. In ta ji tauri, ku wuce. In ta ji ya lotsa, madubi. Ta ce min in ta faɗa maka kai tsaye, girman kanka ba zai ɗauka ba, kuma in ta raba ka da ita, ta raba ka da ƙofar cocin nan. Sai ta zaɓi ta riƙa bin ka." Wilma ta ja jakarta ta zuge. "A asibiti ma da maganar nan ta cika. Ta ce, Wilma, wa zai riƙa duba min shi? Na ce ba ni ba, kin san ni da abar nan. Da na san haka za ta kasance, da na gaya maka tun a makabarta."

Kewar Dottie ta taso wa Harlan sabuwa fil, ta fi ta ranar jana'iza ciwo. Ashe sunan da yake taƙama da shi, na mutumin da ba ya kuskure, su biyu suka gina shi, kuma mai rabin aikin ta tafi ba ta ko nemi a gode mata ba. Hunturu biyu ke nan yana yawo da bindiga cikin jama'a ba mai duba shi, sa'a ce kawai take rufa masa asiri.

"Ba zan faɗa ba," in ji Wilma. "Ko mu ci ko mu faɗi, ba da wannan ba. Ka je ka ƙarasa jawabinka."

Ta fita ta bar shi da ƙarar firji.

Ya daɗe a zaune. Sannan ya zuba harsasan a aljihun riga, ya fita ta ƙofar baya cikin sanyi, ya kulle libarbar a akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin kujerar a-kori-kurarsa. Ya kwance bel ya zare kuben, ya dawo da shi a hannu.

Da ya shiga zauren, Fasto yana shirin a ɗaga hannu. Gus ya hango shi ya washe baki.

"Ga gwarzon nan! Cikin ne kuma? Zo ka ga yadda za mu yi musu kaca-kaca."

Harlan bai koma kujerarsa ba. Ya wuce gaba, ya ajiye kuben a kan tebur tsakanin kwanukan abinci.

"Fasto, kafin a ɗaga hannu, na faɗi abin da ba daidai ba ɗazu. Na ce tana tare da ni. Ba ta tare da ni. Na bar ta a bayin ƙasa tun kafin a fara taro, cike da harsashi, kusa da 'ya'yanku. Wata baiwar Allah ce ta ɗauke ta kafin yaro ya shiga." Bai dubi inda Wilma take ba. "Ra'ayina a kan dokar bai canja ba, ku yanke abin da kuka ga ya dace. Amma ni ku cire ni. Gus, in an tashi ka biyo ni mota ka karɓe ta."

Zauren ya yi tsit, har ana jin waƙar yaran daga ƙasa. Mai jaririn ce ta fara motsi, ta tashi da gudu ta nufi matakala, wasu iyaye suka rufa mata baya. Gus ya sunkuyar da kai yana kallon takalmansa. Fasto Renner ya yi gyaran murya ya ce yana ganin a ɗage zaman zuwa bayan Kirsimeti. Ba wanda ya ce a'a.

Aka watse ba hayaniya. Mata suna tattara kwanuka, maza suna sa manyan rigunan sanyi, kowa ya sami abin kallo a wani gefen in ya zo wucewa ta kusa da shi. Ba wanda ya zage shi, kuma da zagin ya fi sauƙi. Gus ya bi shi mota, ya karɓi akwatin da harsasan, ya tsaya kamar zai yi wani barkwanci, sai kawai ya ce, "Sai na kira ka," ya tafi ɗaukar jikarsa.

Harlan ya koma ciki, don har yanzu shi ke da makullin coci. Ya jera kujeru, ya kashe fitilu, ya rage na'urar ɗumama ɗaki, ya leƙa bayin ƙasa ya ja ƙofarsa. Ƙugunsa na dama ba nauyi, har yana jin kamar tafiyarsa ta karkace. A filin ajiye motoci saura tasa da wata tsohuwar mota ja.

Ya kai bakin babbar ƙofa, ya tsaya, gwiwar hannunsa ta ɗaga. Wannan karon ya gan ta. Ya tsaya yana kallonta a sage a cikin iska, ya kasa sauke ta, iskar waje tana shigowa ta ƙarƙashinta.

"Hularka, Harlan."

Wilma ce a bayansa, da kwanonta a hannu ɗaya, hular a ɗayan.

"A bencin baya ka bar ta," in ji ta. Ta cusa masa ita a hammatar da ya ɗaga, ta raɓa shi ta wuce zuwa motarta.